Faɗuwar gaba da gishirin jini: shin ƙarancin bitamin ne ke rikita bugun zuciya?

Tambaya: Wata Hajiya mai shekara 54 ta ce tana da hawan jini, ta daɗe tana shan magani, ciki har da ƙwayar da ke sa yawan fitsari. A 'yan watannin nan gabanta na yawan faɗuwa, wani lokaci ta ji kamar zuciyar ta tsallake bugu ɗaya, musamman in ta kwanta da dare. Maƙwabciyarta ta ce mata ƙarancin bitamin ne, ta je kemis ta sayi fotasiyam da magniziyam da bitamin D. Tana son ta san ko da gaske akwai alaƙa, kuma ko ta saya ta sha.

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, alaƙar tana nan, kuma duk likitan da ya taɓa kwana a ɗakin taimakon gaggawa ya ganta da idonsa. Inda zan rabu da ita shi ne wajen aikenki kemis. Cikin abubuwa ukun da ta lissafa miki, bitamin D shi ne mafi nisa da maganar. Magniziyam yana iya zama ya yi ƙasa. Fotasiyam kuwa shi na fi zargi, kuma shi ne wanda ba a shan ƙwayarsa da ka, domin ƙarancinsa yana rikita zuciya, yawansa kuma yana tsayar da ita cak. Sai an ɗebi jini an auna kafin a san wanne ake ciki.

Zuciya tsoka ce, amma ba ta jiran umarni daga ƙwaƙwalwa kafin ta buga. A saman ɗakinta na dama akwai wani ɗan kulli da ke tayar da lantarki da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan babba na zaune yana hutawa. Lantarkin zai ratsa ɗakunan sama biyu, ya ɗan dakata a wani kullin da ke tsakiya, sannan ya gangara ɗakunan ƙasa su matse su tura jini. Abin da ke haifar da lantarkin nan shi ne shige da ficen wasu gishirai ta 'yan ƙananan ƙofofin da ke jikin ƙwayoyin tsokar. Sodiyam ya faɗa ciki, bugu ya tashi. Kalsiyam ya biyo baya, tsoka ta matse. Fotasiyam ya fita, ƙwayar ta huce ta shirya wa bugu na gaba. Magniziyam kuma shi ke taimaka wa famfon da ke mayar da sodiyam waje, ya dawo da fotasiyam ciki. Haka ake yi kusan sau dubu ɗari a kowace rana.

An gano wannan ne kusan da tsautsayi. A Landan, wajen 1883, wani likita mai suna Sydney Ringer yana gwaji da zuciyar kwaɗo a cikin ruwan gishiri, sai ya ga tana ta bugawa na tsawon lokaci fiye da yadda ya zata. Ashe mataimakinsa ruwan famfo yake haɗa gishirin da shi, ba tataccen ruwa ba, kuma ruwan famfon na da kalsiyam. Da aka koma tataccen ruwa sai zuciyar ta yi sanyi. Daga nan ya fitar da cewa sai an haɗa sodiyam da kalsiyam da fotasiyam daidai gwargwado zuciya ke bugawa yadda ya kamata. Idan kin taɓa duba ledar ƙarin ruwa a asibiti kika ga an rubuta Ringer, sunan mutumin nan ne.

To, fotasiyam. Kusan kashi 98 cikin ɗari na wanda ke jikin mutum yana cikin ƙwayoyin tsoka da sauran sassa, ɗan kaɗan ne ke yawo a jini, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin jiki ke tsare shi a tsakanin 3.5 da 5.0 na milimol a kowace lita. Dubi ƙanƙantar tazarar. Idan ya sauka ƙasa da 3.5, ƙwayoyin zuciya sukan yi jinkirin hucewa bayan kowane bugu, sai wani wuri daban a cikin zuciyar ya yi riga malam masallaci ya tayar da nasa bugun kafin lokaci. Abin da kike ji kamar tsallake ke nan: bugu ya zo da wuri kuma da rauni har ba ki ji shi ba, a ɗan yi shiru, zuciya ta cika da jini fiye da kullum, sannan bugun da ya biyo ya zo da ƙarfi ki ji dum a ƙirji ko a maƙogwaro. An fi jin sa da dare saboda gida ya yi tsit, zuciya ta rage gudu, ga mutum ya kwanta a ɓarin hagu. Irin wannan ƙarin bugun masu lafiya ƙalau ma suna yin sa jefi-jefi. Amma idan fotasiyam ya kai ƙasa da 2.5, magana ta wuce nan, ƙafafu su yi nauyi, ciki ya kumbura ya daina motsi, zuciya kuma tana iya shiga rikicin da ke kashewa.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne da wuya rashin cin abinci kaɗai ya jefa mutum wannan hali. Ƙoda mai lafiya ta iya tattali. Kusan kullum fotasiyam ɗin zuba yake yi ta wata hanya. Hanya ta farko ita ce wadda nake zargi a wurinki: ƙwayoyin sa fitsari irin su furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, da hydrochlorothiazide da bendroflumethiazide, suna fitar da ruwa da gishiri don jini ya sauka ko kumburi ya saɓe, amma suna tafiya da fotasiyam da magniziyam. Hanya ta biyu ciki ne: gudawa, amai, da maganin wankin ciki. A nan dole in tsaya kan jiƙe-jiƙen basir da na dattin ciki, waɗanda ake sa wa filasko da makamantansa. Mutum ya sha ya kwana yana zagayawa, gari ya waye ya ce ya ji sakayau, alhali abin da ya zubar har da gishirin da zuciyarsa ke aiki da shi. Wanda ke shan Lasix kuma ya ɗora da irin wannan jiƙon, ya haɗa wa kansa hanyoyin zuba biyu a dare ɗaya. A lokacin annobar amai da gudawa ma, ba bushewar jiki kaɗai ke kisa ba. Shi ya sa garin ORS na leda yake da giram 1.5 na gishirin fotasiyam a haɗin lita guda, ruwan gishiri da sukari da ake haɗawa a gida kuwa babu ko kaɗan. Na gida na ceton rai kafin a samo na leda, amma ba ya maye gurbinsa. Sai kuma wasu magungunan da ke tura fotasiyam daga jini zuwa cikin ƙwayoyi, kamar allurar insulin ta masu ciwon suga da salbutamol na masu asma idan an yawaita shaƙa.

Magniziyam na da wani hali da ke yaudarar ma'aikatan lafiya kansu. Idan ya yi ƙasa, ƙoda ba ta iya riƙe fotasiyam, wata ƙofa da shi ke toshewa sai ta buɗe fotasiyam ya yi ta bin fitsari. Sai ki ga ana ta ba mara lafiya ƙwayar fotasiyam mako da makonni, ana aunawa yana nan ƙasa, kamar mai ɗura ruwa a tulun da ya huje. Sai an gyara magniziyam sannan ya zauna. Ga wani abin kuma: gwajin ƙoda da aka saba rubutawa, wanda za ki ga an sa E/U/Cr a takarda, yana nuna sodiyam da fotasiyam amma babu magniziyam a ciki, sai likita ya nema daban. Ko an auna ma, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na magniziyam ɗin jiki ne ke cikin ruwan jini, don haka sakamako na iya fitowa daidai, wajen 0.7 zuwa 1.0, alhali rumbun ya yi ƙasa. Masu fuskantar wannan su ne masu shan ƙwayar fitsari, masu ciwon sugan da bai daidaita ba, masu shan giya, masu gudawar da ta daɗe, da wani rukuni mai yawa a cikinmu: masu shan omeprazole don olsa shekara da shekaru ba tare da kowa ya sake duba su ba. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2011 cewa daɗewa a kan irin wannan magani na rage magniziyam. A binciken garin Framingham na Amurka da aka buga a 2013, cikin mutum kusan 3,500 da aka bi na tsawon shekaru, waɗanda magniziyam ɗinsu ya fi ƙasa sun fi kamuwa da karkarwar ɗakunan sama na zuciya, wadda likitoci ke taƙaitawa da AF. Wannan ya nuna ana ganinsu tare, bai nuna cewa mai lafiya in ya sha ƙwayar zai tsira daga ciwon ba.

Haɗarin da ya fi ba mu tsoro a asibiti shi ne idan ƙarancin gishiran nan biyu ya haɗu da wani magani. A takardar ECG, wato gwajin da ke zana lantarkin zuciya, akwai wata tazara da ake kira QT, ita ce lokacin da ɗakunan ƙasa ke ɗauka daga tashin bugu zuwa hucewa. Ƙarancin fotasiyam ko magniziyam ko kalsiyam na tsawaita ta. Wasu magungunan da ake saya kullum su ma suna tsawaita ta: quinine da chloroquine da halofantrine na zazzaɓin cizon sauro, erythromycin da azithromycin da ciprofloxacin na kashe ƙwayoyin cuta, domperidone na amai, haloperidol na masu taɓin hankali. In tazarar ta yi tsawo da yawa, zuciya na iya faɗawa wani mugun gudu da layinsa ke murɗewa a takarda, wanda likitan Faransa François Dessertenne ya bayyana a 1966. Mutum zai yanke jiki ya faɗi, ko ya farfaɗo cikin daƙiƙoƙi ko kuma shi ke nan. Maganinsa na gaggawa magniziyam ne ta jijiya, irin wanda ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta. Ki auna yadda abin ke haɗuwa cikin sauƙi a wurinmu: mace na shan ƙwayar fitsari, zazzaɓi ya kama ta da amai da gudawa kwana uku, aka je kemis aka haɗo mata maganin maleriya da na taifod da na tsayar da amai. Kowanne shi kaɗai ba laifi, amma sun taru a kan zuciyar da gishirinta ya riga ya zube. Mata kuma sun fi maza saurin shiga wannan, don tazarar tasu dama ta ɗan fi tsawo. Mai shan digoxin shi ma ƙarancin fotasiyam na mayar masa da maganin guba ko da bai ƙara ƙwaya ba, ya fara tashin zuciya, ya daina son abinci, wani har ya riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya.

Yanzu ɗaya ɓangaren, wanda ya sa na hana ki saya. Ba ki faɗi sunan ƙwayar fitsarinki ba, kuma ba duka suka zama ɗaya ba. Spironolactone tana sa fitsari amma riƙe fotasiyam take yi. Amiloride, wanda ke cikin Moduretic, shi ma haka. Lisinopril da losartan da danginsu, waɗanda ake ba masu hawan jini da ciwon suga sosai, suna ɗaga shi. Diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon gwiwa suna rage wa ƙoda ƙarfin fitar da shi, Septrin ma na ɗaga shi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na fotasiyam ɗin da muke ci ƙoda ce ke fitarwa, kuma hawan jini da ciwon suga na cin ƙoda a hankali ba tare da ciwo ba. Mutanen yankin Gashuwa a Yobe da Haɗeja a Jigawa sun san yawan masu ciwon ƙoda a wurarensu. Idan fotasiyam ya haura 5.5 an shiga damuwa, in ya kai 6.5 aikin gaggawa ne: a yi allurar kalsiyam don kare zuciya, a ba da insulin da sukari don tura shi cikin ƙwayoyi, wani sai an kai ga wankin ƙoda. Mugun halin yawan fotasiyam shi ne sau da yawa ba ya sallama. Kasala kawai, ko ita ma faɗuwar gaban, wato alamar da ƙarancin ke bayarwa. Wannan ba labarin ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. Bayan wani babban bincike a 1999 ya nuna spironolactone na tsawaita ran masu gazawar zuciya, likitoci suka yi ta rubuta ta, sai a lardin Ontario na Kanada aka ga masu kwanciya asibiti da yawan fotasiyam sun ninka sau da yawa. Maganin bai canza ba, bin sawu da gwajin jini ne ya yi ƙaranci.

Gishirin nan da ake sayarwa a matsayin na masu hawan jini, an rage sodiyam an sa fotasiyam a madadinsa. A ƙauyukan Sin an gwada shi a kan mutum kusan 21,000, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna ya rage shanyewar ɓarin jiki, amma tun farko ba a sa masu ciwon ƙoda mai tsanani da masu shan magungunan riƙe fotasiyam a gwajin ba. Haka a Denmak, a 2025, an nuna cewa masu ciwon zuciyar da aka dasa wa na'urar farfaɗo da bugu sun samu raguwar rikicin bugu da aka ɗaga fotasiyam ɗinsu zuwa 4.5 har 5.0. Mutum 1,200 ne, kuma ana auna jininsu a kai a kai. Da awo abin magani ne.

Wata 'yar fa'ida game da awon kansa. Idan mai ɗibar jini ya ɗaure miki damtse da roba ya bar ta ta daɗe, ya ce ki yi ta dunƙule hannu kina buɗewa, ko ya ja jinin da ƙyar ta siririyar allura, ko kwalbar ta yi awoyi a ajiye kafin a tace, fotasiyam na iya fitowa daga tsokar hannu ko daga jajayen ƙwayoyin jini ya ƙaru a jinin da aka ɗiba. Sakamako ya fito da yawa alhali ƙarya ne, ko kuma ƙarancin gaske ya ɓuya ya fito kamar daidai. In lamba ta fito wadda ba ta yi kama da jikin mutum ba, a yi ECG nan take a kuma sake ɗiba.

Kalsiyam bai cika zama sanadi ba. Jiki na da rumbunsa a ƙashi, yana tsare na jini a wajen 2.2 zuwa 2.6. Yakan faɗi ga wanda aka yi wa aikin maƙoƙo, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda bitamin D ɗinsa ya ƙare ƙaf, kuma alamarsa ta fi fitowa a leɓe da yatsu: tsiko-tsiko a kewayen baki, hannu ya ƙandare. Ta wannan hanyar ce bitamin D ke taɓa bugun zuciya, don shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam. Matan da ba sa fita rana na iya rasa shi ko a ƙasar da rana ta yi yawa. Sai dai shan sa don hana rikicin bugu an gwada shi da kyau a Amurka: mutum fiye da 25,000, rabi suna shan IU 2,000 kullum rabi ƙwayar banza, fiye da shekara biyar. A 2021 aka fitar da sakamako, bai rage AF ba. Man kifi da aka gwada tare da shi ma bai rage ba, wasu gwaje-gwajen da aka ba da giram 4 a rana ma ƙaruwar AF aka gani. Wanda kuma ya yi ta ɗirkar bitamin D mai ƙarfi wata da watanni, kalsiyam na iya yi masa yawa, ƙoda ta sha wahala.

A ganina, in ana neman ƙarancin abinci mai gina jiki da ya fi sa matanmu faɗuwar gaba, to ƙarancin jini ne, ba waɗannan da ake tallatawa ba. Rashin sinadarin ƙarfe, ko folik asid, ko bitamin B12, na rage jajayen ƙwayoyin jini, sai zuciya ta ƙara gudu don ta isar da iska. Bugun yakan zama da sauri amma a jere, da haki in an hau bene, da jiri, da fari a cikin fatar ido da tafin hannu. Haihuwa kusa-kusa, jinin al'ada mai yawa, maleriya da tsutsar ciki su ne kan gaba. A shekarunki, idan al'ada ta ɗauke kuma aka samu jini ya yi ƙasa, ba a tsayawa a kan maganin ƙarin jini, sai an nemi inda yake zuba, musamman ciki da hanji. Ƙarfen shi ma yawansa cuta ne: mai sikila da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, ƙarfe na taruwa masa a hanta da zuciya har ya rikita bugu, shi ya sa ba a ba shi maganin ƙarfe sai an auna.

Bitamin B1 ya cancanci a ambace shi don jiki ba ya ajiye shi da yawa, cikin mako biyu zuwa uku yana iya ƙarewa. Mai ciki da amai ya hana ta cin komai, mashayin giya, da wanda ya daɗe a kan Lasix mai yawa, su ne ke rasa shi, zuciya ta yi ta gudu, ƙafa ta kumbura. Yana zaune ne a bayan ƙwayar hatsi tare da magniziyam, wato a cikin dusar da muke surfewa mu ba dabbobi. Shinkafar da aka turara kafin a casa ta fi fara tas riƙe shi.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye, kuma zai yi wa 'ya'yanki mata amfani. Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, cikinsu har da Eldryd Parry, sun rubuta a kanta, suka danganta ta da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta da kunun kanwa. Kanwa gishirin sodiyam ce, ba ta ƙara wa kowa fotasiyam, ruwa take tarawa a jiki ta ɗaga jini, don haka ke ma ki yi hankali da ita. Daga baya hankali ya koma wani wajen. A Yamai, a 1992, an samu sinadarin seleniyam ya yi ƙasa a jinin masu wannan ciwo, a Kano ma Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka samu haka a 2015. Seleniyam daga ƙasa yake shiga hatsi, kuma tun 1935 aka san wani ciwon zuciya a gundumar Keshan ta arewa maso gabashin Sin, inda ƙasar ba ta da shi, mai kama yara da mata masu haihuwa, wanda ya ragu ƙwarai da aka fara ba mutane shi a shekarun 1970. Zuciyar da ta buɗe ta yi rauni irin haka ita ce mai saurin rikicewar bugu. Mai jegon da ke haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ƙafa ta kumbura, gaba na faɗuwa, asibiti za a kai ta a yi hoton zuciya, ba a ƙara mata ruwan zafi ba. Seleniyam ɗin ma likita ne zai yanke, don yawansa na zubar da gashi ya lalata farce.

Duk da wannan dogon bayani, kada ki ɗauka an gama gano ciwonki. Mai hawan jini na shekaru, bangon zuciyarta na iya yin kauri, ɗakin sama na hagu ya buɗe, kuma wannan ne babban tushen AF, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar. Babu bitamin da ke maganinta. Ƙabar wuya, wato thyroid, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima na sa irin wannan, da rama da zufa da rawar hannu. Ga lalacewar ƙofofin zuciya daga ciwon maƙogwaron yarinta, ga ɗaukewar al'ada da ke zuwa da zafin jiki da faɗuwar gaba daidai shekarunki, ga damuwa da rashin barci, ga goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari.

Abin da zan so ki yi a makon nan: ki tattara duk abin da kike sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya da na Islamik kemis, ki kai wa likitanki ya gani da idonsa. Ki nemi gwajin ƙoda da gishirin jini, ki roƙi a haɗa da magniziyam da kalsiyam, a auna yawan jini da suga da aikin ƙabar wuya, a yi ECG. ECG na daƙiƙoƙi ne kawai, in abin bai zo a lokacin ba zai fito lafiya, shi ya sa akwai ƙaramar na'ura da ake rataya wa mutum ya tafi da ita gida awa 24 ko fiye. Kafin nan, duk sanda abin ya taso, ki ɗora yatsu uku a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ki dubi agogo ki ƙirga minti guda cif. Ki lura: a jere yake sai can ya yi tsallake ɗaya, ko da sauri yake amma a jere, ko kuwa ba shi da tsari sam, wani kusa wani nesa, wani da ƙarfi wani da rauni? Ki rubuta adadin da lokacin. Wannan 'yar takardar takan taimaki likita fiye da yadda kike zato. Kada ki daina maganin hawan jini da kanki. In an samu fotasiyam ya yi ƙasa, sau da yawa gyaran shi ne a rage ƙwayar ko a canza ta ko a haɗa ta da mai riƙewa, a sake awo bayan mako ɗaya ko biyu. In kuwa faɗuwar gaban ta zo da suma, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko gudun ya ƙi tsayawa, ba a jiran gari ya waye.

In gwaji ya nuna ƙodarki lafiya, kasuwa ta fi kemis. Hukumar Lafiya ta Duniya na son babba ya samu aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana, gishirin girki kuma kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Ayaba matsakaiciya na da wajen miligiram 420, ba ita ce sarauniya ba kamar yadda ake ɗauka. Wake, dankali, doya, tumatir, alayyafo, zogale, kabewa, dabino da lemu duk suna da shi. Magniziyam na cikin gero da dawa da ba a surfe su tas ba, da gyaɗa da riɗi da agushi da wake. Wanda ƙodarsa ta gaza kuwa, lissafin juyawa yake, har dabinon buɗa baki sai an ƙayyade masa. Da azumi ya gabato, musamman in ya faɗo a bazara, ki je a tsara miki lokacin shan ƙwayar fitsarin tun kafin a ga wata.

In bincike ya kai ga AF har aka ɗora ki a kan warfarin don hana jini daskarewa, akwai bitamin ɗaya da zai shigo lissafi, wato bitamin K da ke cikin ganye kamar zogale da alayyafo da kabeji, domin yana rage wa maganin ƙarfi. Ba a ce ki bar miyar ganye ba. Ki riƙa cin gwargwado ɗaya kowane mako, kada wannan makon kwaɗon zogale kullum, mako mai zuwa babu ko ɗaya, kuma ki faɗa wa mai auna miki jini idan cimarki ta canza don ya daidaita ƙwayar.